Amsar tambayar Dakta kan koyar da kasuwanci a kwas ɗin manhaja

Assalamu alaikum jama'a. Dakta, barka da Jidda. Na ji tambayarka, cewa ko a ware wa ɗaliban injiniyancin manhaja kwas na kasuwanci daban. Ni dai a ganina kar a ware. Abin da aka haddace don jarrabawa, ana fitowa ya bi iska. A cusa shi cikin mashru'in kammalawa, wato aikin da ɗalibai ke yi kafin su gama digiri, tunda shi ne suke tsoro.

A ce zango mako 15 ne. To mako uku na farko a hana su rubuta kod, ko layi ɗaya. Kowane rukuni, mutum uku ko huɗu, su fita su zanta da mutum 20 masu matsalar: mai baƙala (shagon kayan masarufi), mai gidan abinci, masu hidimar alhazai. Ban da abokan ɗaki da 'yan uwa, waɗannan "masha Allah" kawai za su ce. Kuma kar su tambaya "za ka saya?" Kowa zai ce e don kunya. Su ce, "makon jiya yaya ka yi da wannan matsalar, riyal nawa ta ci maka?" In mutum ya yi shiru yana sosa ƙeya, babu kasuwa a nan.

Daga nan sai ƙaramin samfuri mai aiki ɗaya tak. Yawwa, sai lissafi, inda yawanci suke faɗuwa. Rajistar ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, ga kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari da suke cira a cinikin cikin manhaja, ga harajin VAT na Saudiyya kashi 15 tun Yulin 2020. In manhajar tana fitar da rasit ga mai rajistar VAT, tsarin Fatoora, wato rasitin lantarki na hukumar haraji ZATCA, ya hau kanta tun Disambar 2021, har da lambar QR. Karɓar kuɗi ta Mada, katin bankin Saudiyya, kuwa sai da rajista. Ka ga duk wannan yana canza yadda za a gina manhajar tun daga tushe.

Maki kuma, Allah gafarta Malam, rabi ya tafi ga shaida: wa ya gwada, wa ya dawo, wa ya yarda zai biya. Rukunin da ya gano kayansa ba ya sayuwa ya sauya hanya, kar a rage masa. In ka rage, baɗi ƙarya za su kawo maka.

Rabon kaso tsakanin 'yan rukuni da mallakar kod a rubuta tun makon farko, kafin kuɗi ya shigo.

Sai yaranmu masu iƙama, wato baƙi masu takardar zama, a ja musu kunne: buɗe kasuwanci da sunan ɗan ƙasa laifi ne da ake kira tasattur, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wanda nasa ya yi kyau a tura shi wuraren tallafa wa sabbin kamfanoni, Wadi Makkah na jami'ar Ummul Ƙura, ko TAQADAM a jami'ar KAUST, ya fara duba sharuɗɗan shiga.