Amsa ga yarona kan faɗaɗa hanyoyin tof silinda

Na ga saƙonka jiya bayan sallar isha'i, inda kake neman izinin faɗaɗa hanyoyin iska na tof silinda, wato murfin saman inji, na motar da aka kawo mana, saboda mai ita yana son ƙarin gudu, kuma ka gani a waya ana gurza ramukan har su kai faɗin gasket, sannan a goge su su riƙa ƙyalli. Ban ba ka izini ba, kuma ba zan ba ka ba a bana. Da baki da baki ka tambaye ni, da faɗa kawai zan yi maka in wuce, amma tambayar ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake sauke tof ko yadda ake ajiye kowane bawul, wato ƙarfen da ke buɗe ramin iska ya rufe, daura da raminsa ba. Wanda ya shekara biyu a gareji bai san wannan ba, gara ya tafi kasuwar Mile 12 ta nan Legas ya yi dakon albasa. Abin da ba ka sani ba shi ne, iska ba faɗin hanya kaɗai take so ba, tana son gudu. Kullum kana wanke mota, kana ganin yadda ruwa ke fita da ƙarfi idan ka matse bakin tiyo, ya kuma zuba a sanyaye idan ka sake shi. Haka iska take a cikin rami: idan faɗin ya wuce kima, gudunta yana raguwa lokacin da inji ke juyawa a hankali, silinda ba ta cika, mota ta yi nauyi wajen tashi. Motar da za ta wuni a giya ɗaya da biyu tsakanin Oshodi da Ikeja, a wajen tashi take bukatar ƙarfinta.

Aikin gaskiya yana ƙarƙashin mazaunin bawul, a ɗan kwanon nan inda zoben ƙarfe ya haɗu da alminiyom ya bar gaɓa mai kaifi. Nan ake sassaƙewa a daidaita, a lallaɓa gajeriyar kwanar da iska ke lanƙwasowa a kanta ba tare da an kwantar da ita ba, a bar maƙogwaro, wato matsattsen wurin da ke ƙarƙashin mazaunin, tsakanin kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na faɗin kan bawul, sannan a yanka mazauni da kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60. Ramin shigar iska ana barinsa da ɗan kaushi, samfefa mai lamba 80 ta ishe shi, domin bango mai santsi yana sa fetur ya kwanta a jikinsa maimakon ya bi iska. Ramin fitar hayaƙi shi ake gogewa sumul don kada baƙi ya taru. Ƙyallin da ya ɗauke maka hankali na masu ɗaukar hoto ne.

Duk wannan na san shi tun ina da rumfa a Agege, kuma sanin bai hana ni faɗawa rami ba. Wani matashin ɗan kasuwa ya kawo mini Honda Civic mai bawul 16, yana so ya riƙa wuce abokansa da dare a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, inda a lokacin samari ke gwada motocinsu idan hanya ta yi sarari. Muka yi ciniki, ya ba da rabi. Kwana biyar na yi a kan tof ɗin nan, ina jiƙa bakin magurji da kananzir don kada alminiyom ya toshe haƙoransa, ina awo, ina komawa, har silinda huɗun suka zama kamar an haife su rana ɗaya. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Da ya zo, sai ya zura yatsa a rami ɗaya, ya taɓe baki, ya ce ai ban yi komai ba, shi ya ga na abokinsa kusan yatsa uku ke shiga, kuma ba zai cika kuɗi ba sai an buɗe masa kamar wancan. Na yi masa bayanin da na yi maka yanzu, ya ce in ba zan iya ba in faɗa masa, akwai masu iyawa. A gaban yarana ya faɗi haka, kuma wannan kalmar ce ta cuce ni. Na ɗauki magurji cikin fushi na koma ciki. A ramin silinda ta uku na ji muryar ƙarfen ta sauya, ta koma siririya kamar ana goga gwangwanin madara, alamar bangon da ke tsakanin rami da hanyar ruwa ya kusa ƙarewa. Na tsaya, na haska tocila, ban ga huji ba, na ce Allah ya rufa asiri. Abin da ya kamata in yi shi ne in toshe hanyoyin ruwa, in hura iska, in tsoma tof ɗin a ruwan zafi in ga ko zai yi kumfa. Ban yi ba, saboda yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

Kwana uku aka jawo motar da igiya. Bangon ya buɗe da zafi, hujin bai kai kan allura ba, amma idan aka kashe inji da zafinsa ruwan lagireto yana nan da matsinsa, sai ya riƙa tsiyaya ta hujin, ya bi ta bawul ɗin da ya kwana a buɗe, ya taru a kan fistan. Da safe ya murɗa makulli, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai konrod, sandar da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe kamar lauje. Da na zare sandar awon baƙin mai, abin da na gani kamar shayi da madara.

Ya zo da wani ɗan uwansa mai kaki, ya rantse da Allah cewa bai taɓa cewa a ƙara gurza komai ba, wai ni na yi gwaji da motarsa. Yarana sun ji lokacin da ya faɗa, amma wa zai karɓi shaidar yaron gareji a kan maigidansa? Haka na tattara kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa don tafiya gida babbar sallah, na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo inji tokumbo sukutum, na ɗaura masa da hannuna. Bai cika rabin kuɗin aikina ba, ko sannu bai ce ba, kuma bayan mako kaɗan na ji ya sayar da motar yana talla da cewa sabon inji ne a ciki. A waccan shekarar ban je gida ba, ban yi layya ba. Laifin rashin gwaji nawa ne, na yarda, amma rantsuwar nan ban yafe ta ba.

Ku yaran yanzu, bidiyon minti uku ya ishe ku ku ɗauki kanku gwanaye. Ni shekara uku na yi ina wanke noti a kananzir kafin maigidana ya bar ni in murza bawul ɗaya a mazauninsa. Motar da ke gareji yanzu, zan yanka mata mazauni in daidaita kwanon da kaina, fuskar tof kuma ba za a aske ta ba sai in lanƙwasarta ta wuce milimita 0.05, domin askin yana ƙara matsi, fetur ɗinmu kuwa ba kullum yake jure hakan ba. Mai motar zai sa hannu a takarda kafin a taɓa komai.

Wancan tof ɗin na Civic yana nan a ƙarƙashin benci, bayan tsohon jak. Gobe da safe ka fito da shi, ka ɗauki zarto ka raba ramin silinda ta biyu gida biyu, ka auna kaurin bangon a wuri biyar, ka rubuta, sannan ka yi haka ga na uku ka kawo mini takardar.