Na sauya wa motata rim, shin kuɗin inshora zai ƙaru?

Tambaya: Malam, na cire rim ɗin ƙarfe na motata na sa na alminiyom masu inci 18, a da 16 ne. Wani abokina ya ce sai na sanar da kamfanin inshora. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya faɗa maka gaskiya, ka kira su yau. Kamfanin inshora yana yanke kuɗinsa ne bisa motar da ka kwatanta masa. Rim na alminiyom ya fi tsada, kuma yana jan idon ɓarayi, shi ya sa kuɗin kan ɗan hau. Idan rim ya yi girma, tayar takan zama siririya, sai ramin hanya ya lanƙwasa shi cikin sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoyewa. Na taɓa ƙara wa injin motata ƙarfi ban faɗa ba, da na yi hatsari kamfanin ya ƙi biyana, gyaran duk daga aljihuna ya fito. Ƙara wa inji ƙarfi ya fi sauya rim tayar da kuɗin inshora nesa ba kusa ba. Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoton tayoyin, ka nemi su rubuta sauyin a takardarka.