Amsa ga mai fama da warin kare a kujerun mota

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka ce ka sayi Camry 'yar Kwatano, an wanke ta tsaf, ka turara ta, ka fesa turare, amma da zarar rana ta buɗe ko an yi ruwa sai warin kare ya dawo, har iyali sun fara ƙin shiga. Na daɗe ina gyara irin waɗannan motoci kafin a kai su kasuwa, kuma wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutanen Amurka da Turai suna yawo da karnukansu a kujerar baya shekara da shekaru, gashi da yawu da maiƙon jiki duk suna sauka a nan, wani lokaci har da fitsari.

Ka fara ajiye turaren nan tukuna. Warin ba a saman yadin kujera yake ba, yana cikin soson da ke ƙasa. Fitsari idan ya bushe yakan bar wani gishiri-gishiri da ba ya narkewa da sauƙi a ruwa, kuma da ya ji danshi da zafi sai zarnin ya tashi sabo. Shi ya sa motar take yin shiru da hunturu, ta tona asiri da damina. Masu wankin mota na bakin titi saman kawai suke gogewa da omo, su jiƙa soson su bar shi da ruwa a ciki, sai ka samu warin kare ya haɗu da na ruma.

Ka fara da gashin. Ka sa safar hannu ta roba, ka ɗan jiƙa ta, ka riƙa shafa kujerar ta fuska ɗaya, za ka ga yana dunƙulewa. Sai a bi da injin zuƙe ƙura, har cikin lungun da mazauni ya haɗu da majingina. Bayan nan ka nemo ainihin inda warin yake. Hancinka ya isa, amma in ka samu tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi, ka haska da dare, busasshen fitsari yakan nuna kansa.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne wanda aka rubuta "enzyme cleaner" a jikin kwalbarsa. Ana samunsa a manyan kantuna da wuraren sayar da kayan dabbobi, wani lokaci a asibitin dabbobi. Aikinsa cinye dattin da ke haifar da warin, ba rufe shi ba. Inda mutane suke kuskure shi ne su fesa kaɗan su goge nan take. Ka zuba shi ya shiga har inda fitsarin ya kai a cikin soson, ka danna da tafin hannu, ka rufe wurin da leda don kada ya bushe da wuri, ka ba shi lokacin da aka rubuta a kwalbar ko fiye. Sannan ka danne da busasshen tawul, ka ɗauraye da ruwa mai tsafta, a zuƙe da injin da ke zuƙar ruwa. Wannan ɗaurayar kada ka tsallake ta, domin fitsarin kare najasa ne, kuma da kayan da ka zauna da su za ka shiga masallaci.

In ba ka samu wancan ba, ka gauraya farin binega da ruwa rabi da rabi, ka yi yadda na faɗa. Idan ya bushe ka barbaɗa bekin soda da yawa, ya kwana, da safe a zuƙe. Yana rage wari sosai, amma a tsohon fitsari sai an maimaita.

Don Allah kada ka zuba bilic irin su Hypo. Zai cinye launin yadin, kuma idan ya haɗu da fitsari yana fitar da iskar da ke cutar da ido da ƙirji, a cikin mota kuwa abin ya fi muni. Tafasasshen ruwa ma ka bar shi, yana ƙara kama tabon ne. In kujerun na fata ne, sabulun fata kawai za ka sa, ka bi layin ɗinki da tsohon buroshin haƙori, daga baya ka shafa man fata don kada ta tsage.

Bushewa kuwa ita ce rabin aikin. Ni ciro kujerun nake sa a yi, a shanya su a rana har sai ka danna soson da ƙarfi ba ka ji sanyi ba. Mazaunin baya ba ya da wuyar cirewa. Na gaba kuwa akwai wayoyin jakar iska (airbag, wadda ke kumburowa idan an yi haɗari) a ƙarƙashinsu, masu rawayan soket, don haka bakanike ya cire kan batir ya ɗan jira kafin ya taɓa su. Tunda kujerun sun fita, a ɗaga kafet a duba abin da ke ƙarƙashinsa, a wanke bel ɗin kujera a bar shi a miƙe ya bushe, a duba but da ramin safaya. Yadin rufin sama kuma a goge shi da ɗan ɗanyen tsumma a hankali, in ya sha ruwa gam ɗinsa zai saki ya rufto.

Wani wuri da kusan kowa ke mantawa shi ne matatar iskar AC. A Camry da Corolla tana bayan akwatin gaban fasinja, kuma sau da yawa za ka ciro ta cike da gashi. Ka canza ta, ba ta da tsada, in ba haka ba duk ranar da ka kunna AC za ka ɗauka aikin bai yi ba. Bayan an mayar da komai, ka ajiye gawayi a cikin tsohuwar safa a ƙarƙashin kujeru, yana tsotse sauran abin da ya rage.

Ka gwada ta haka: ka rufe gilasai, ka bar ta a rana tsakiyar yini, sannan ka buɗe ka shinshina. In har kujera ɗaya ta ci gaba da zarni bayan an maimaita wankin, soson ya riga ya sha da yawa. Ka kai wa masu ɗinkin kujerun mota su cire rigar, su yanke ɓangaren da ya lalace su sa sabon soso, a wanke rigar daban kafin a mayar.