Amsa ga Malam mai zanen thangka da ke ɓarewa

Malam, da na karanta cewa thangka, wato zanen addinin Buddha a kan yadi mai naɗewa, da ka sayo a Katmandu ta ƙasar Nepal ya fara zubar da launi tun shigowar hunturu, sai da gabana ya faɗi, don irin wannan ciwon na san shi. Don Allah kada ka kai masa jiƙaƙƙen tsumma. Ko ɗigo ɗaya.

Tsohon nan mai farin gemu da ka ce yana zaune da barewa da gauraki, ga dutse da bishiya da ruwa, su ne alamomi shida na tsawon rai a wajen mabiya addinin Buddha na Tibet, kuma dattawa ake yi wa kyautarsa. Wani lokaci za ka ga Amitayus, Buddha na tsawon rai, a saman zanen, ja, riƙe da tulu a cinya. Shi da Farar Tara mai ido 7 da Namgyalma mai fuska 3 da hannu 8, ababan bauta uku na tsawon rai, su ake zanawa idan za a yi wa babban malami bikin roƙon tsawon kwana, wanda suke kira tenshug, irin wanda ake yi wa Dalai Lama, jagoran addinin 'yan Tibet, a Dharamsala ta ƙasar Indiya.

Asalin matsalarka gam ne. Yadin auduga ake shafe wa da alli da gam ɗin fatar dabba, a goge da dutse ya yi sumul, launin ma da wannan gam ake kwaɓa shi. Iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke, damina ta zo ya kumbura, sai ya tsattsage. Shuɗi da kore ne ke fara zuba saboda garin dutsensu ya fi kauri. Ruwa kuwa narkar da shi yake, ya bar zane kamar hawaye, ba ya gyaruwa.

Amma duba bayansa tukuna. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wasu masu shaguna a kewayen Boudha, wani babban wurin ibada a Katmandu. Su buga hoto da inji, su bi shi da ɗan ruwan zinare, su turara shi da hayaƙi ya yi baƙi, sannan mutum ya dube ka ido cikin ido ya rantse daga gidan ibada ya fito, ya shekara 200. Alhali dokar Nepal ta hana fitar da abin da ya haura shekara 100! Sa gilashin ƙara girma: idan ka ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, inji ne. Wanda aka keɓe don ibada yawanci akwai haruffa uku a bayansa, saitin goshi da maƙogwaro da ƙirjin wanda aka zana, ko da yake su ma ana kwaikwayonsu.

Yanzu sauke shi daga bango, ka kwantar da shi a shimfiɗe, fuska sama, ka daina naɗewa. Danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 50, nesa da taga da turaren wuta. Ɓarɓashin da ya zuba ka tara a ambulan, mai gyara zai nema. Salatif kuma kada ya kusance shi.