Maigidana Yana So A Yi Daren Giya Da Cuku A Falona

Assalamu alaikum Gwaggo. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali, na rubuto miki ne daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a nan ba tare da ta isa Damagaram kafin gari ya waye ba.

A wurin aikin Baban yara su takwas ne a sashensu, kuma suna da wata al'ada ta karɓa-karɓa: duk wata ɗaya daga cikinsu yakan gayyaci sauran gidansa da daddare, a jera cuku iri-iri a kan faranti na katako, a yanyanka burodi, a buɗe kwalaben giyar inabi, a yi ta hira har ƙarfe goma sha ɗaya. Sau uku ina raka shi. Nakan zauna da kofin ruwa a hannu ina murmushi har kumatuna su gaji, ina ta kaffa-kaffa da burodin da ya taɓa yankakken naman alade. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba, domin gidan mutane ne, kuma baƙo ba ya tsara wa mai gida yadda zai yi.

To, Gwaggo, yanzu layi ya zo kanmu, kuma ba daga bakinsa na ji ba. Matar wani abokin aikinsa ce ta tare ni a ƙofar makarantar yara, tana fara'a, ta ce suna ɗokin zuwa gidanmu ranar Alhamis ta uku ga watan Nuwamba, wadda ita ce ranar da ake fito da sabuwar giyar Beaujolais a kowace shekara, kuma yankin da ake yin ta yana nan arewa da mu kaɗan. Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce mata Allah ya kai mu, don ban san abin da zan ce ba. A ce wata ce daga waje za ta sanar da ni abin da za a yi a falona!

Da ya dawo na tambaye shi, sai ya ce ai dama yana neman lokacin da ya dace ne ya gaya mini. Ya ce shi ba zai sayi giya da kuɗinsa ba, su ne za su zo da abarsu, mu cuku da burodi kawai za mu tanada. Ya ce kwantiraginsa zai ƙare a watan Yuni, shugaban sashen zai zo, kuma wanda ya sha zuwa gidajen mutane ya ƙi buɗe nasa ya jawo wa kansa magana. Har takardar sunayen cukun da za a saya ya rubuta mini: Comté, Camembert, Roquefort da wani wai shi Époisses, wanda ya sayo ɗaya mu ɗanɗana, yau kwana huɗu firij ɗina yana wari, ƙaramar 'yarmu tana toshe hanci tana cewa ɓera ya mutu a ciki. Ya ce a fito da su daga firij awa guda kafin baƙi su iso, kada in yi tuwo ko miya, kada kuma in kunna turaren wuta tun daga safiyar ranar don wai yana hana su jin ƙamshin abin da suke ci, sannan in kwantar da yara da wuri. Jiya na tarar da kwali a bayan ƙofa, kofuna goma sha biyu masu doguwar ƙafa.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne bai tambaye ni ba. Da ya tambaye ni, wataƙila da mun yi magana. Amma ya amsa musu, ya sa rana, ya sayi kofuna, sannan na ji a bakin ƙofar makaranta. Kuma waɗannan mutane ba sa zama sai sun ɗauki hoto. Idan hoton falona da kwalabe a kan tebur ya faɗa hannun matan garinmu da ke nan, wallahi kafin Juma'a ya kai wayar Inna, kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. Wa zai wanke kofunan in an tashi? Ni ce. Wa za a ce ta lalace a Turai? Ni ce, ba shi ba. Duk da haka ba na son in zama sanadin rasa aikinsa, don da albashin nan ake ciyar da gidaje uku a can gida. Amma bai tambaye ni ba, Gwaggo. Ki ba ni shawara, in yi shiru in wuce ɗaki ranar, ko in kwashi yara in tafi gidan ƙawata har su watse?

Ɗiyarki a Liyon.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Masu bibiyar wannan shafi sun san ba na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma maigidanki ba ya nan balle ya kare kansa. Na yarda tsoronsa na gaskiya ne, domin baƙon da ke aiki a kan kwantiragi a ƙasar mutane kullum a ɗarare yake. Amma sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, wurin da ke kika ambata a tsakiyar lissafin cefane kika wuce: ya ce kada ki kunna turaren wuta.

Kin cika takarda da cewa bai tambaye ki ba, da tsoron hoto, da abin da Inna za ta ce. Ni kuwa turaren nan ne ya tsaya mini a wuya. Babu tuwo, babu miya, babu turare, yara a ɗaki tun da wuri. Ki haɗa su wuri ɗaya ki duba. Mutumin nan ba gidansa yake son nuna wa abokan aikinsa ba, so yake na dare ɗaya a share duk wata alama da ke nuna cewa Hausawa ne ke zaune a ciki. Wanda yake jin kunyar ƙamshin ɗakin matarsa, matsalarsa ta girmi kwalba, kuma ko da an fasa wannan zama gobe za ta ɓullo ta wata kafa. Wannan ita ce maganar da za ki zaunar da shi a kanta, cikin ladabi, bayan yara sun yi barci.

Game da giyar, ba sai na yi dogon wa'azi ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta, ba ta tsaya ga hana sha kaɗai ba. Hadisin da ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kanta ya haɗa da mai ɗauko ta da wanda aka kawo wa, da mai zuba wa wani. Saboda haka dabarar cewa su za su zo da abarsu ba ta fitar da kowa ba: ƙofar wa za su ƙwanƙwasa da ita, kuma wa ya sayi kofuna goma sha biyu? Na kuma lura ba ki gaya mini abin da ke cikin kofinsa ba a zama ukun da kika raka shi. Kin faɗi naki, ruwa ne. Ina kyautata masa zato, amma ki tabbatar. Ke ma ina da ja a kanki, domin kin fi ambaton wayar Inna fiye da ambaton Allah, kuma da an yi miki alkawarin babu mai ɗaukar hoto, ban san ko za ki rubuto mini ba.

Shi cuku ba laifi ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka. Ke da kika fito daga Nijar ba baƙuwar cuku ba ce, kin san wanda Buzaye da Fulani ke shanyawa a ci da shayi. Sai dai ki cire Époisses daga takardar, ba don warinsa ba, sai don ana wanke bayansa da wata barasa ta yankin Burgon yayin da yake nuna. Sauran kuma ki sani yawancin cukun gargajiya na Faransa da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago ake daskarar da madararsu, malamai sun yi saɓani a kansa, sai ki tambayi limaminku, ko ki nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba da na dabba aka yi ba.

Ba za ki ɓuya a ɗaki ba, ba kuma za ki bar wa baƙi gidanki ki tafi gidan ƙawa ba. A yi zaman, amma shi da ya amsa ba da saninki ba, shi zai koma ya gaya musu tun yanzu, ba ranar ba, cewa gidansa ba a shan barasa, kuma matarsa za ta shayar da su abin da ba su taɓa sha ba. Idan ranar sabuwar giyar ce ta tsaya musu a rai, a matsa zuwa mako na gaba. Ki je shagunan 'yan Afirka na unguwar Guillotière ki sayo zoɓo da citta da tsamiya. Ki jera cukun daga mai sauƙin ɗanɗano zuwa mai ƙarfi, Roquefort a ƙarshe, ki ajiye dabino da zuma da inabi a gefe. Kada ki sa a aiko miki da cuku ko kilishi a jakar matafiyi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara ta wannan hanya, amma dambun nama ba ya gagarar mai tukunya. A rufe da shayi zubi uku.

Bari in juyo gare ku, mazajenmu da ke Turai da Amurka, domin wannan ba ita ce wasiƙa ta farko irinta ba. Kuna ɗauka Bature zai raina ku idan kuka ce ba ku sha, alhali shi da kansa zai zauna a teburinka ya ce ba ya cin nama, ba ya cin alkama, ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kai kuma ka shiga kicin ka sauya masa abinci. Ku ne kuke raina kanku tun kafin a raina ku, sannan ku bar wa matanku wankin kofuna da ɗaukar zagi. Ku kuma mata, ku daina yin murmushi sau uku a gidan mutane sannan ku yi mamakin an ɗauka kun yarda.

Ɗiyata, ranar ki kunna turarenki da hantsi kamar yadda kika saba, ki buɗe taga da la'asar don ya lafa, ki bar yaran su fito su gaida baƙi kafin su kwanta. Kofunan kuwa, idan rasit ɗin yana nan, ya mayar da su kanti ya karɓo kuɗinsa.

Gwaggonku.