Tambaya da Amsa: Kyamarata tana yanke bidiyo, ita ce ko memorin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina da tambaya, yayana ne ya aiko min da 'yar ƙaramar kyamarar nan irin su GoPro wadda ake ɗaurawa a ƙirji ko a hular kwano, niyyata in Allah ya kai mu sallah in ɗaura ta in hau doki ranar hawan daushe, kuma muna shirin zuwa Yankari da abokai ina so in shiga ruwan Wikki da ita. Toh na sayi memori 128GB da araha a wani shago, amma in na saita ta a 4K ko minti biyu ba ta yi sai ta tsaya ta rubuto SD error, wani lokacin kuma ta ɗauka lafiya lau in na sa a laftof bidiyon ya ƙi buɗewa. Mai shagon ya ce wai kyamarar ce ba ta da kyau. Gaskiya ne? Kuma wanne zan saya? Daga mai karatu a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, alamomin nan biyu da ka faɗa galibi memori suke nunawa ba kyamara ba.

Mu nan in za mu sayi memori gig kawai muke tambaya, nawa ne 64 nawa ne 128, shikenan a biya a tafi. A waya wannan ya wadatar tunda hoto ne da waƙa da karatu, amma kyamara in tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin fitowa tar, zuba bayanai take yi ba tsayawa, masu kyau daga cikinsu suna kai megabit 100 a sakan ɗaya, in ka raba da 8 ya zama MB 12.5 kenan duk sakan. Memorin da aka rubuta wa 10 a cikin da'ira, ko U mai lamba 1 a ciki, alƙawarin da ya ɗauka MB 10 ne kacal a sakan, kaga kenan kyamara tana miƙo masa ya kasa karɓa, sai ta gaji ta yanke. Abin da za ka duba a jikin memorin shi ne V30, ko U mai lamba 3 a cikinta, duk biyun suna nufin ba zai gaza MB 30 a sakan ba wajen rubutawa. Ita kanta GoPro shi take cewa a saya.

Kuma dan Allah kar babbar lambar nan ta jikin kwali ta ruɗe ka, irin 120MB/s ko 150MB/s, wannan saurin kwashewa ne daga memori zuwa kwamfuta, ba saurin ɗauka ba. Haka A1 da A2, na manhajojin waya ne. V60 da V90 kuwa ɓarnar kuɗi ne a kyamara irin taka. SanDisk Extreme, Samsung PRO Plus, Kingston Canvas Go Plus duk V30 ne. SanDisk Ultra da ya cika gari memori ne mai kyau a waya amma shi U1 ne, kar a ce maka ai duk SanDisk ne.

Amma maganar bidiyon da ya ƙi buɗewa ita ta fi damuna wallahi, don wannan halin jabu ne. Ana ɗaukar memori mai gig 8 ko 16 a sauya bayanan cikinsa ya riƙa nuna 128, ka sa a waya ta nuna maka 128 cif, ka yi ta ɗauka kana murna, da zarar ainihin wurin ya cika duk abin da ya biyo baya suna ne kawai babu komai a ciki, kuma babu mai gyaran da zai dawo maka da abin da tun farko bai shiga ba. Hawan daushe sau biyu ake yi a shekara, in ya wuce ka sai wata sallar, shi ya sa nake jin zafin abin nan sosai. Araha ba ta ado, in farashin bai kai rabin na sauran shaguna ba ajiye masa kayansa.

Ko gangariya ka saya ka gwada tukuna. Akwai manhaja kyauta ta kwamfuta sunanta H2testw, tana cika memorin dam sannan ta karanta ta faɗa maka gig nawa ne na gaskiya da saurinsa, tana ɗaukar lokaci, ka haƙura ta gama. Ka yi wannan sharaɗin da mai shago tun kafin ka biya, cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, kuma ka karɓi risit.

Batun girma, 4K a wancan saurin yana cin wajen gig 45 a awa ɗaya, wato 64 bai kai awa ɗaya da rabi ba, 128 kuma ya kusa awa uku. Ni dai na fi son 64 guda biyu a kan babba guda ɗaya, dama batir zai mutu ka tsaya canji, sai ka canja memorin lokaci guda, in ɗaya ya samu matsala ɗayan na nan. Sai dai ka duba takardar kyamarar, wasu masu sauƙin kuɗin ba sa karɓar fiye da 32 ko 64.

In ka saya ka yi masa fomatin a cikin kyamarar ba a waya ba, kuma kar ka riƙa yawo da shi tsakanin waya da kyamara. In ka ga ta yanka dogon bidiyo gunduwa-gunduwa ba lalacewa ba ne, haka suke yi. A Wikki kuma ka tabbatar murfin ya rufu ruf babu yashi a jikin robar, in irin mai gidan ruwa ce ka sa ta a gidanta, kuma kar ka buɗe ta ciro memori sai ta bushe hannunka ma ya bushe.

TAMBAYA: Malam ni keke napep nake ja a Gombe, ina so in maƙala irin kyamarar nan a gaba tana ɗaukar hanya tun safe har dare saboda in an samu hatsari. Memori irin na 4K zan nema? Daga mai karatu a Pantami, Gombe.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kai ba sauri ne damuwarka ba, juriya ce. Ɗauka da gogewa kullum yana gajiyar da memori, don haka nemi wanda aka rubuta wa High Endurance ko PRO Endurance, don kyamarar mota da ta tsaro aka yi su. Saita ta a 1080p wanda bai kai 4K cin wuri ba, ka kunna loop recording yadda in ya cika za ta goge tsoho ta ɗora sabo, 64 ya ishe ka. In wani abu ya faru a hanya ka kashe ta nan take ka cire memorin, in ba haka ba za ta ɗora wani bidiyon a kan shaidar taka. Allah ya tsare hanya.