Yaya, ga amsar maganar yarona da wasan kwaikwayo

Yaya naji saƙonka har ƙarshe, kuma na gane ba kai kaɗai kake magana ba, maganar gida ce aka ɗora maka. Wai mun zauna a Jamus mun auri Turawa, yanzu har na bar ɗana zai zama ɗan wasan kwaikwayo, wai anya da sauran Hausa a jikinmu kuwa. To bari in baka labarin wani dattijo da ya zauna a nan Kolon garin da muke, ƙila ka fahimci me yasa ban hana yaron ba.

Sunansa Theodor Wonja Michael. A Balin aka haife shi a 1925, ubansa mutumin Kamaru ne da yazo tun Kamaru na hannun Jamus, uwarsa Bajamushiya, wato irin yaran da kuke kira ruwa biyu, irin nawa. Uwar ta rasu yana jinjiri, uban ya rasu a 1934, shine auta cikin su huɗu. Waɗanda suka riƙe shi sana'arsu nuna mutane, a lokacin ana tara baƙaƙen fata a ɗaura musu banten ciyawa a kafa bukkoki, Turawa su biya kuɗi suzo kallo suna taɓa musu gashi da fata. Yaron da aka haifa a Balin, Jamusanci ne a bakinsa, bai taɓa ganin Afirka ba, shi aka sa yana rawar daji. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in kalli nawa yaron jikina yayi sanyi.

Da Hitila ya hau mulki a 1933 abin ya ƙara lalacewa, karatu ya gagara, ya zama marar ƙasa a ƙasar da aka binne cibiyarsa, aikin otal da ya samu ma aka kore shi saboda launinsa. A 1937 an kama ɗaruruwan yara ruwa biyu a yankin kogin Rhein, nan yankinmu fa, aka musu aikin da ba zasu taɓa haihuwa ba. Abin da ya rage wa irinsu shine fim, domin 'yan Nazi na buƙatar baƙaƙe su fito a matsayin bayi da 'yan dako a finafinansu, har a babban fim ɗin kamfanin UFA mai suna Münchhausen na 1943 ya fito cikin barorin fada. A shekarar kuma aka kai shi sansanin aikin dole kusa da Balin, yana can har yaƙi ya ƙare a 1945.

Inda nake so ka tsaya kenan Yaya. Mutumin nan bai gudu ba, bai kuma ce tunda a dandamali aka wulaƙanta shi ya bar dandamali ba. Ya koma wasa a gidajen wasan kwaikwayo da ƙafarsa, wannan karon da baki, ana bashi magana yana yi. Yayi karatu a Hambug da Faris, yayi aikin jarida akan harkokin Afirka, a 1971 ya shiga hukumar leƙen asirin Jamus ta BND har yayi ritaya a 1987, ya sake komawa wasa. Da tsufansa yana bin makarantu yana faɗa wa yara abin da ya gani, ya rubuta tarihinsa a 2013, a 2018 ƙasar da ta taɓa hana shi fasfo ta bashi lambar girmamawa. Ya rasu a Oktoban 2019 yana da shekara 94, yanzu akwai ɗakin karatu da sunansa a nan Kolon, nakan kai yara.

Ba Bahaushe bane, ba Musulmi bane, nasan zaka ce haka. Amma hanyar da yaranmu ke takawa yau irinsu ne suka share ta.

Kuma wasan kwaikwayo a nan ba yadda kuke ɗauka bane, ba wai yaro ya ƙi boko ya bi 'yan iska ba. Gidan wasa na birni gwamnati ce ke riƙe shi, 'yan wasa albashi ake biyansu a wata da inshorar lafiya da fansho, kuma kafin ka shiga sai kayi makarantar abin wajen shekara huɗu, irinsu Ernst Busch ta Balin, ɗaruruwa ke nema a ɗauki 'yan kaɗan. Na gindaya masa sharaɗina, sallah ba wasa, babu giya, babu fitowa a abin da zai kunyata ni ko uwarsa, ya yarda. Ran da suka yi wasan makaranta ana cikin azumi, ina zaune a baya na hango shi a gefen labule ya ciro dabino daga aljihu ya sha ruwa kafin ya fito, ba wanda ya tuna masa.

Maganar aure kuwa ita tafi min ciwo. Matar nan da har yau ake ce wa Baturiyar wane, ba a kiran sunanta, ita ce ta zauna da Inna a asibiti lokacin da muka kawo ta aikin ido, tana bata kunu a baki, ba Hausa ba Jamusanci amma suna hira da hannu suna dariya. Garin masara take tuƙa mana tuwo dashi, kuka da daddawa kuma duk mai zuwa daga gida sai ta roƙa a taho mata dasu. Inna da bakinta ta sa mata albarka, Allah ya jiƙan Inna. Amma da aka zo bikin gida bara ko anko ba a ware mata ba, ta gani a hoto tayi shiru, ni naji abin.

Hausar yarana ba irin ta Kurmi bace, gaskiya ne, suna haɗa namiji da mace a magana, in abu ya ɗaure musu su tsallaka Jamusanci. Amma suna durƙusawa su gaida babba, basa kiran sunana, ranar Sallah muna haɗuwa da 'yan Nijar da 'yan Zangon Gana, kowa da irin tasa Hausar, muci waina da miyar taushe, in anyi haihuwa a yanka rago a raɗa suna, in anyi rasuwa muyi karo-karo. A titi ana tambayarsu daga ina kuke asali, in sun kira gida kuma ana musu dariyar harshe, yaro ɗan shekara goma sha bakwai ina kuke so ya tsaya?

Dan Allah ka faɗa wa su Baffa in ya kira su amsa masa da Hausa ko ya karkace, su daina juya masa zuwa Turanci, ta haka zai gyara. In Allah ya kaimu hutun bazara zan turo shi wajenka wata guda, ka zauna dashi ka tambaye shi duk abin da kake tambayata.